Wa Ya Faɗa? Amsa Ga Ɗalibar Da Aka Ba Sifili

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce 'yar aji ɗaya a wata jami'a a nan Legas, ina karanta ilimin tattalin arziki. A Ketu aka haife ni. Babanmu dillalin tumatir ne a kasuwar Mile 12, kuma ni ce ta farko a gidanmu da ta taka jami'a. An ba mu asaimen kan dalilan tsadar abinci a Legas. Na tambayi ChatGPT, na haɗa da abin da na samu a Google, na gyara na miƙa. Malamin ya dawo mini da takardata da sifili, ya zagaye biyu daga cikin manazartata da jan biro, ya rubuta cewa babu su a duniya, in je laburare a koya mini. Anti, tun ranar da aka zagaya da mu ban sake shiga laburaren ba. Ban san abin da zan ce musu ba, kuma ina jin kunyar Turancina. Kwas ɗin amfani da laburare ma sau biyu kawai na shiga. Ban faɗa wa Baba ba. Gani nake jami'a ta fi ƙarfina. Me zan yi?

Wa alaikumus salam, 'yata.

Na karanta wasiƙarki har sau biyu. Sifilin bai ɗaga mini hankali ba, makin aiki ɗaya ne a zango ɗaya, kuma ana rama shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da kika rufe da ita, wai jami'a ta fi ƙarfinki. Ki cire wannan daga zuciyarki tun yau. Kin zauna JAMB kin ci, kin samu gurbi a garin da yara suke rububin gurbi. Kan da ya kawo ki nan bai lalace cikin wata uku ba.

Amma ba zan yi miki romon baka ba, kin yi kuskure. Kin sa sunanki a kan maganar da ba ki san asalinta ba, kin kuma jingina ta ga mutanen da ba ki taɓa ganin rubutunsu ba. A jami'a wannan babban laifi ne, idan ya yi nisa har kora ake yi a kansa. Malamin da ya zauna ya bi manazartarki ɗaya bayan ɗaya, ga tulin takardu a gabansa, gata ya yi miki. Da ya kau da kai ya ba ki maki, da haka za ki ci gaba har aji huɗu, sai ranar kare kundin digiri a tsayar da ke gaban malamai a ce ina kika samo wannan, lokacin da gyara ya riga ya yi wuya.

Bari in gaya miki yadda aka yi rubuce-rubucen nan biyu suka zama babu su, don kada ki ɗauka tsautsayi ne. ChatGPT, wanda ya fito a Nuwamban 2022, ba ya zuwa kanta ya ɗauko littafi ya duba miki. An ɗura masa rubutu mai tarin yawa, ya koyi wace kalma ce ta saba bin wace, sai ya riƙa jera su. Idan kika ce ya ba ki manazarta, ya san kamanninta: sunan marubuci, shekara, take, sunan mujalla, lambar shafi. Sai ya ƙera miki wadda ta yi kama da ta gaske, wani lokaci har da sunan malamin da yake raye da mujallar da take fitowa, alhali maƙalar ba a taɓa rubuta ta ba. Ko sababbin da suke leƙa intanet ba su tsira daga wannan tuntuɓen ba. Kuma da murya ɗaya yake faɗin gaskiya da ƙarya, ba ya in'ina. Ban ce ki goge shi daga wayarki ba. Ki sa shi ya warware miki darasin da ya shige miki duhu, ko ya ba ki kalmomin da za ki yi bincike da su. Amma duk sunan littafi ko adadin da ya ba ki, ki ɗauke shi kamar labarin da kika ji a cikin danfo, sai kin gani da idonki.

Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa a kanki, sana'ar Babanki ce. Ki bi shi kasuwa wata asuba ki tsaya gefe ki kalla. Mota ta iso daga Arewa, 'yan dako suna sauke kwanduna, kowane kwando samansa jawur, manya-manya, an jera su gwanin sha'awa. Babanki ba zai taya kwando don ya ga samansa ba. Zai yaye murfin, ya zura hannu ta gefe har ƙasa, ya ciro biyu ya matsa, ya sunkuya ya dubi gindin kwandon ko yana ɗigar ruwa. Zai tambayi direba yaushe ya taso, kwana nawa ya yi a hanya, ko motar ta lalace ta wuni a rana. Zai tambaya na Kadawa ne ko na Danja, wa ya yi lodi, domin ya san mai cika kwando da gaskiya, ya kuma san mai shimfiɗa ruɓaɓɓe a ƙasa. Duk wannan kafin ya buɗe baki ya yi tayi. Shafin farko na Google saman kwando ne, 'yata. Ke kuma kika biya ba ki zura hannu ba.

A Islamiyya ma an koya miki. Ba a karɓar hadisi sai an ji wa ya ruwaito daga wa, an san halin kowanensu. Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi yana daga cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Manazartar da malaminki yake nema a ƙarshen takarda ita ce isnadin boko: wa ya faɗa, a ina, wace shekara, shafi na nawa, don mai shakka ya bi sawu ya gani da kansa.

Kina ƙarama lokacin, amma ki tambayi Mamanki daren wankan gishiri. A watan Yulin 2014 cutar Ebola ta shigo Legas, tsoro ya kama gari. Wani dare cikin Agusta wayoyi suka yi ta ruri tun kafin asuba, na Arewa suna kiran na Legas, na Legas suna kiran na gida, kowa yana cewa a dafa ruwa da gishiri a yi wanka, a kuma sha. Na leƙa tsakar gida na tarar da maƙwabciyata tsugune gaban risho, yara sun yi layi da bokiti suna kukan barci. Na ce mata wa ya faɗa? Ta ce an ce. Masu digiri ma sun yi wankan nan. An kwantar da mutane a asibiti, masu hawan jini suka jigata, har aka ba da rahoton rasa rayuka. Tun daga daren nake kallon tambayar nan a matsayin abin da yake kare ran mutum, shi ya sa za ki ga na tsawaita a kanta.

A jami'a, wurin da aka ware don koyar da ita shi ne laburare. Yawancin sababbin ɗalibai sun ɗauke shi ɗakin fanka da soket, inda ake cajin waya a haddace handawut idan jarrabawa ta matso. Littattafai da kujeru rabin abin ne. Ɗaya rabin mutane ne da suka yi digiri a kan ilimin laburare da sarrafa bayanai, da yawansu har na biyu da na uku, kuma a jami'o'inmu cikin sahun malamai ake lissafa su. Cikin aikin da ake biyan su albashi a kansa akwai zama da ɗalibi irinki a nuna masa yadda zai gane abin da yake nema, inda zai same shi, yadda zai auna shi, da yadda zai yi amfani da shi ba tare da ya ci haƙƙin mai shi ba. Tun 1974 wani Ba'amurke, Paul Zurkowski, ya raɗa wa wannan ƙwarewa suna a Turance, information literacy, sunan da ya sa ta a sahu ɗaya da iya karatu da rubutu.

Saboda haka ranar Litinin ki ɗauki katin shaidarki da takardar nan mai jan biro, kada ki ɓoye ta. Idan ba ki yi rajistar laburare ba ki fara da ita. Za a ce ki ajiye jaka a bakin ƙofa, to ki cire waya da kuɗi da littafin rubutu. Ki je da hantsi, lokacin da babu cunkoso, ki tambayi teburin mai amsa tambayoyi. Yawanci yana sashen littattafan da ba a fita da su, wurin ƙamus-ƙamus. Ki gaishe shi, ki miƙa takardar, ki ce an ba ni wannan aiki, na yi shi ba daidai ba, ina so a nuna mini yadda ake nemo madogara. Jimla uku ke nan, Turancin da kika ci jarrabawar sakandare da shi ya ishe su. Ba shi ne zai ba ki maki a kan wannan aiki ba, kuma ya ga masu irin matsalarki da yawa kafin ke. Idan kika faɗa hannun wanda ya tashi da ɓacin rai ya amsa miki a daƙile, ɗan Adam ne, ki dawo gobe ki nemi wani. Matambayi ba ya ɓata.

Ni ma a irin wannan wuri aka buɗe mini ido. Zamaninmu babu kwamfuta, akwatunan katako ne masu dogayen durowoyi cike da kati, an soke katunan da ƙarfe ta ƙasa don kada a zare. Wani dattijo ma'aikaci ya ga na daɗe ina ja ina mayarwa, ya taso ya ce, 'yata me kike nema? Na karanto masa taken aikina tun daga farko har ƙarshe. Ya ce in rage shi ya koma kalma uku. Ya jawo durowa ɗaya, ya bi katunan da yatsa, ya tsaya, ya sa na kwafi lambar da take kusurwar katin, sannan ya raka ni har gaban kanta. Da muka sami littafin na juya zan tafi, sai ya ce tsaya, dubi na damansa da na hagunsa. Huɗu na ɗauka ranar. Bai fi minti goma ya yi a kaina ba, ko sunansa ban tambaya ba. Allah Ya saka masa da alheri.

Yanzu katunan sun koma cikin kwamfuta, amma lambar tana nan a gadon bayan kowane littafi. Yawancin jami'o'in Najeriya tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka suke bi, inda kowane fanni yake da harafinsa. Naki H ne: HB ƙa'idojin tattalin arziki, HC halin tattalin arzikin ƙasashe da tarihinsa, HD ƙasa da noma da masana'antu da ƙwadago, HG kuɗi da banki. Tarihin Najeriya yana DT515, Musulunci yana BP. Ranar da kewar harshenki ta kama ki, ki leƙa PL8231 zuwa gaba kaɗan, nan ne mazaunin Hausa da adabinta. Littattafan da suke magana kan abu ɗaya a jere ake ajiye su, shi ya sa dattijon ya ce in dubi maƙwabta.

Za ki tarar da yawansu sun tsufa, wasu sun girme ki. Wajen koyon ƙa'ida ba laifi, amma ba za su gaya miki farashin tumatir na bana ba. Nan ne sashen kwamfuta na laburare yake da rana. Ki roƙa a rubuta miki rumbunan mujallu da jami'arku take da izinin shiga, tare da kalmar sirrinsu. Akwai irin su JSTOR. Akwai Research4Life, wanda hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da kamfanonin ɗab'i suka buɗe wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, a cikinsa kuma AGORA ta shafi noma da abinci, wato daidai aikinki. AJOL tana tara mujallun Afirka, da yawansu na Najeriya ne. DOAJ kyauta ce ga kowa. Ana kashe kuɗi a kan laburaren jami'o'in gwamnati, har da na TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, sai ɗalibi ya gama shekara huɗu bai taɓa sanin abin da aka tanadar masa ba. Wannan yana ƙona mini rai.

Kafin ki tashi daga gaban kwamfutar, ki buɗe Google Scholar, wato sashen Google na neman rubuce-rubucen ilimi, ki rubuta taken maƙalun nan biyu, kowanne a tsakanin alamar zance. Ina so ki ga babu ɗin da idonki. Daga nan ki yi abin da dattijon ya koya mini, ki rage taken aikinki ya koma kalma uku da Turanci: farashi, abinci, Legas. Idan sakamakon ya yi yawa ki ƙara tumatir, idan ya yi kaɗan ki cire Legas ki sa Najeriya.

A ce kin samu abu huɗu: saƙon WhatsApp, labarin jarida, rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, da maƙalar mujallar ilimi. Saƙon WhatsApp ba shi da uba, ki bar shi. Jarida tana da amfani wajen sanin abin da ya faru ranar kaza, kamar cire tallafin man fetur da aka sanar ranar 29 ga Mayun 2023. Amma idan ta kawo adadi ta ce daga NBS ne, ki bi sawu zuwa shafin hukumar, domin duk wata tana fitar da alƙaluman hauhawar farashi, kyauta. Maƙalar mujalla ta fi nauyi wajen bayyana dalili, saboda kafin a buga ta sai wasu masana fannin sun tantance ta. Sai dai nan ma akwai ruɓaɓɓe, mujallun da in mutum ya biya kuɗi za su buga masa komai cikin 'yan kwanaki. Ma'aikacin laburare ya san alamunsu, ki nuna masa kafin ki dogara. Ki riƙa duba shekara. Maƙalar 2012 ba ta san tsutsar sharon da ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu a 2016 ba, balle faɗuwar naira ta 2023. Ki kuma tambayi kanki me mai maganar zai samu idan kin yarda da shi, domin gwamnati da ɗan adawa da ƙungiyar 'yan kasuwa kowa da inda yake karkata. Wikipedia ki karanta ta don ki san hanya, sannan ki sauka ƙasan shafi ki bi madogaran da ta jera. Su za ki ambata, bayan kin karanta su.

Wajen rubutu, kafin ki kwafi kalma ɗaya daga wani wuri, ki fara rubuta marubuci da shekara da take da shafi a saman takardarki. Ki karanta, ki rufe littafin, ki faɗa wa kanki da Hausa abin da mutumin ya ce, sannan ki rubuta da Turancinki. Idan kin kasa faɗa da Hausa, to ba ki gane ba tukuna, ki sake buɗewa. Kin ga harshe biyun da kike da su dama ce a hannunki. Turanci mai sauƙi wanda naki ne ya fi mai ƙyalli na aro, malamai suna gane aro daga layin farko. Inda kika ɗauki kalmomin wani yadda suke, ki sa alamar zance. Tsarin jera manazarta, APA ne ko wani, ki tambayi wanda sashenku yake bi. Akwai manhajar Zotero, kyauta ce, tana jera su.

Kwas ɗin da kika guje wa, na san dalili. Ana tara ɗalibai maƙil a ɗaki ɗaya, lasifika tana ƙara, ana karanto ma'anar katalog, a makon da yaro bai gama sanin hanyar ajinsa ba. A ganina tsarin yana da rauni. Kamata ya yi ma'aikatan laburare su shiga aji tare da malamin kwas a makon da aka ba da asaimen na farko, rukuni ƙanana, kowa hannunsa a kan kwamfuta, saboda mutum ya fi riƙe abin da aka koya masa lokacin da yake bukatarsa. Amma kafin a gyara, ki koma. Yana cikin kwasa-kwasan gama-gari, wato GST, da ba a kammala digiri sai an ci su, kuma yanzu da abin ya taɓa ki za ki ji shi da wani kunne. Ki je da wuri ki zauna gaba. Lokacin hutu kuma akwai reshen Laburaren Ƙasa a Yaba, kan titin Herbert Macaulay, a can ake zama a karanta.

Malaminki ki same shi a lokacin da ya ware wa ɗalibai, ki tafi da ƙawarki ko wakilin aji. Kada ki kai masa uzuri. Ki ce kin gane kuskurenki, kin je laburare, ga madogara uku da kika karanta, ko zai yarda ki sake aikin. Yana iya ƙi, yana da wannan haƙƙin. Ko ya ƙi ki sake rubuta shi ki roƙe shi ya duba miki.

Baba kuwa ki faɗa masa, amma bayan kin je laburaren, don ki zo masa da labari biyu. Mutumin da ya taɓa ganin kayan mota guda sun ruɓe a hanya ya san asara, ya san ana tashi bayanta. Kuma kina da abin da ƙalilan ne a ajinku suke da shi. Abin da masu bincike suke zuwa Mile 12 da takardar tambayoyi suna nema, kuɗin mota, shingayen hanya, kwando nawa ke lalacewa, yaushe kaya ke yankewa, yana cikin kan mutumin da kuke kwana gida ɗaya da shi. Ana ambaton hira a aikin ilimi, tana da ƙa'idarta, a laburare za a nuna miki. Ki bari ya dawo daga sallar isha'i, ya ci abinci ya huta. Ki gaya masa abin da ya faru. Idan ya gama faɗan da zai yi, ki ɗauko biro, ki rubuta kwanan wata a saman shafi, ki ce Baba, nawa ake kawo kwando ɗaya daga Kano bara, nawa ne bana?